Abin Da Ke Gudana Cikin Ƙwayar Iri Bayan Ta Sha Ruwa

 Ya ku 'yan'uwa malamai da 'yan kasuwa masu karanta wannan shafi, ga kaka ta kawo jiki, shinkafa tana barin gonaki, ba da daɗewa ba kuwa mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam za su tashi neman irin alkama. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku labarin wata hasara da na yi, da ilmin da na saya da ita, don kuwa na saye shi da tsada.

Shekara uku ke nan, na sayi buhu biyu na alkamar shuka a hannun wani ɗan kasuwa, ba zan ambaci sunansa ko kasuwarsa ba. Na damƙa, na shinshina, na gatsa da haƙori, na ji ta ƙwas. Babu ƙwaro, babu tsakuwa. Muka shuka ni da almajirai a mako na uku na watan Nuwamba, muka ba da ruwa. Kwana goma suka cika, gonar maƙwabcina ta yi kore shar, tawa kuwa sai ka ce kan yaro mai makero, nan tsiro can sanƙo. Na tona, na tarar da ƙwayoyi sun kumbura sun yi taushi, suna tsami, babu ko alamar saiwa. Kafin in sami wani iri in sake shuka Disamba ta yi nisa, zafin bazara ya tarar da alkamar tana zuba ido, abin da na kwashe bai kai rabin na kullum ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kumburin nan. Na ce, ƙwayar da ta sha ruwa har ta kumbura, ƙaƙa za a ce matacciya ce? Na yi ta tambaya har Allah ya haɗa ni da wani tsohon almajirina, wanda bayan ya sauke ya tafi Samaru ta Zariya ya karanci aikin gona. Na zauna gabansa dare uku, shi a kan buzu ni a kan tabarma, ban ga abin kunya a ciki ba. Abin da na fahimta daga gare shi, da abin da na gwada da hannuna, shi ne zan shimfiɗa a nan.

Amma tukuna ku duba abin da ya sa wannan magana ta zama ta kasuwa. Kakanninmu sun san alkama tun da daɗewa, suna noma ta 'yan fangula kaɗan a bakin rafi, suna ban ruwa da jigo, don alkaki da taliya da gurasa. Kowa yakan ajiye irinsa a ɗan tulu, ya san shekararsa. Kura a lokacin da rini aka san ta, har Azbinawa na zuwa neman baƙin 'yan Kura. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo ta Ruwan Kanya ya sauko Kadawa, sai noman rani ya tashi daga garka ya koma dubban eka. Wanda zai zuba wajen kilo 100 na iri a hekta guda, ɗan tulu ba ya isarsa, dole ya saya a hannun wanda bai san inda ya ajiye buhun ba.

To, ka sani ya kai mai karatu, ƙwayar alkama kashi uku ce. Akwai ɗan tayin tsiro, ƙanƙane, manne a gindin ƙwaya, a cikinsa an riga an tsara saiwa da ganye a dunƙule. Akwai farin gari, wanda shi ne mafi yawa, sitaci ne, guzurin da uwa ta ɗaure wa ɗan tayi. Garin nan ba shi da rai. Sa'an nan tsakanin gari da ɓawo akwai wata shimfiɗa siririya ƙwarai, wadda ke fita tare da dusa in an surfa, masana suna kiranta aluron. Ita tana da rai, ko da ya ke ba ta girma ba ta zama ganye. Ka riƙe ta, za mu komo gare ta.

Busasshen iri ruwan da ke jikinsa bai wuce kashi 12 cikin 100 ba, ko kusa da haka, rayuwa a cikinsa ta tsaya cik kamar kasuwa da tsakar dare. Da ya taɓa danshi sai ya zuƙe shi da ƙarfi, alkama kuwa ba ta tsira sai ruwan jikinta ya kai wajen kashi 35 zuwa 45. A nan na sami jawabin tambayata. Wannan zuƙa ta farko ba aikin rai ba ce, kamar yadda busasshen ƙirgi ke shan ruwa ya yi taushi alhali saniyar ta daɗe da mutuwa. Rayayye da matacce duka suna kumbura. Bambanci yana bayan kumburi.

Jikin ɗan tayi, kamar jikin kowane mai rai, an gina shi da 'yan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowane ɗaki akwai wani zare mai tsawo a naɗe, shi ne a ke kira Di-En-E. Wani likita mai suna Miescher ya fara tsamo shi a ƙasar Jamus a 1869, bai san aikinsa ba, sai a 1953 Watson da Crick a Ingila suka bayyana siffarsa. Zaren nan rubutu ne, haruffansa huɗu kacal, amma jerinsu ne ke faɗin ko wannan alkama ce ko shinkafa, doguwa ce ko gajera. Na alkama an rarraba shi juzu'i 42 a kowane ɗaki, na shinkafa 24. Da aka gama karanta na alkama a 2018, an tarar haruffansa sun kai wajen miliyan dubu 16, watau ninki biyar na ɗan Adam. Wannan ya ba ni dariya, na ce ashe abin da mu ke yin finkaso da shi ya fi mu yawan baƙi.

Malamai za su fi kowa saurin gane yadda a ke aiki da rubutun nan, don sana'armu ce. Littafi na asali yana cikin gafaka, ba a ba yara shi. In ana son darasin yau, sai a kwafi shafi guda a kan allo, a yi aiki da shi, a wanke. Haka ɗakin halitta ke yi: yana kwafar ɗan yanki daga zaren a kan wani abu mai kama da allo, da shi a ke ƙera furotin ɗin da a ke bukata, sa'an nan a shafe. Wannan kwafi na farko ke nan. Na biyu shi ne juyar littafi dukansa daga bango zuwa bango, ba a yinsa kuwa sai ɗaki zai rabu biyu, don kowane ya tafi da nasa.

Abin mamaki, uwa ba ta sallami ɗan tayi da wankakken allo ba. Tun ƙwaya tana nuna a zangarniya aka rubuta wasu alluna aka bar su suka bushe tare da ita. Dure da Waters suka nuna haka a 1965, da irin auduga suka yi gwajin. Saboda haka ɗan tayin alkama yana shan ruwa, kafin sa'a guda ya fara ƙera furotin, bai jira an buɗe gafaka ba. Juyar littafi kuwa ba ta farawa sai bayan sa'a goma sha wani abu.

In ka ce, me ya ke jira? Sai in ce, gyara ya ke yi. Duk tsawon zaman iri a buhu, zaren nan yana tsintsinkewa kaɗan-kaɗan, kamar yadda gara da danshi ke cin takarda, busasshen iri kuwa ba shi da ikon ɗinke kome. Sai ruwa ya shiga masu gyara su ke tashi. Zaren tufka biyu ne, kowane tsagi shaida ne a kan ɗan'uwansa, don haka in harafi ya ɓace a wannan sai a duba wancan a mayar, daidai da muƙabalar da marubuci ke yi kafin ya juyi tsohon littafi. Wata masaniya a Ingila, Daphne Osborne, da abokan aikinta, su suka nuna a shekarun 1970 cewa tsohon iri ya fi sabo yawan tsinkewar zare. Sabon iri gyaransa kaɗan ne, ya gama ya wuce. Mai matsakaicin tsufa yana daɗewa, ya fito a makare, raunanne. Wanda ɓarnarsa ta yi yawa, masu gyaran da kansu sun lalace, sai ya kwanta cikin laima yana yoyon abin da ke cikinsa, ruɓa ta same shi. Tsamin da na shinshina a gonata ke nan.

Wani abu kuma da ban zata ba. Saiwar farko da ke huda ɓawo, yawancin fitowarta miƙewar ɗakunan da ke nan ce tun asali, sun sha ruwa sun yi tsawo. A farkon shekarun 1960, Haber da mutanensa a Amurka suka gasa alkama da wani haske mai ƙarfi wanda ya hana ɗakunanta rabuwa, suka shuka, ta tsira, ta yi ɗan ganye, sa'an nan ta tsaya nan. Fa'idar wannan ga manomi ita ce, ɗan farin baki da ƙwaya ta yi bai isa shaida ba. Sai ka ga saiwa ta yi tsawo, ganye ya miƙe lafiyayye, kana ka ƙidaya ta cikin masu rai.

Yanzu mu komo ga guzuri. Ɗan tayi yana da ɗan sukari a jikinsa wanda zai kai shi kwana ɗaya ko biyu. Bayan wannan sai ya ci garin nan, amma sitaci ba ya shiga jikinsa sai an farfasa shi ya zama sukari, kamar jariri ne aka ajiye wa damin gero. Mai farfasawar wani furotin ne daga cikin jinsin da a ke kira inzayim, watau ma'aikatan da ke saurarar da narkewa ko haɗuwar abubuwa ba tare da su sun ƙare ba. Wanda ke cin sitaci sunansa amilez. Payen da Persoz suka fara ware shi daga tsiron sha'ir a Faransa a 1833. Ɗan'uwansa yana cikin yawunka, shi ya sa in ka daɗe kana tauna gurasa sai ka ji ta koma zaƙi.

Yadda aka gano mai ba da umurnin ƙera shi, labarin ya faro ne daga gonar shinkafa. Manoman Japan suna da wata cuta da ke sa shinkafa ta yi tsawo fiye da kima, ta yi fari, ta faɗi ba ta yi ido ba. A 1926 Kurosawa ya nuna wani naman gwari ne ƙanƙane ke fitar da ruwan da ke sa wannan tsawo, a 1935 Yabuta ya raɗa wa abin suna jibaralin. Daga baya aka tarar tsire-tsire da kansu suna yinsa, kaɗan, gwargwadon bukata. A 1960 mutum biyu, Yomo a Japan da Paleg a Ostareliya, kowa a ɗakinsa bai san da ɗaya ba, suka yanka ƙwayar sha'ir biyu. Rabin da ke da ɗan tayi garinsa ya narke. Rabin da ba shi da ɗan tayi ya zauna da taurinsa. Suka ɗiga wa wannan rabin jibaralin, sai ga shi ya narke kamar ɗan tayin na nan. Ashe ɗan tayi manzo ya ke aikawa. Manzon ya tafi wurin shimfiɗar nan ta aluron da na ce ka riƙe, ita kuwa ta buɗe littafinta, ta kwafi shafin amilez a allo, ta ƙera shi, ta kwarara cikin gari. Varner a Amurka ya tabbatar cikin shekarun 1960 cewa sabo a ke ƙerawa, ba tsohon ajiya a ke tayarwa ba. Aluron ba ta juyar littafi dukansa, don ba ta rabuwa. In ta gama aikinta sai ta mutu, ta bar ɓawo fanko.

Wannan babi matanmu sun daɗe suna aiki da shi. Mai kunun zaƙi takan jiƙa shinkafa ta rufe har ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ko kuwa ta sa busasshen dankali, wanda shi ma yana da irin nasa amilez. Ta dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri, amma ba ta zuba tsiron sai ta ɗan huce. Na tambayi uwargidana dalili, ta ce haka ta ga ana yi, in an zuba da zafi kunu ba ya zaƙi. Gaskiyarta, tafasa tana kashe inzayim. Na sa aka yi a gabana: koko mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki, aka barbaɗa garin tsiro cokali guda, kafin a gama alwala ya tsinke ya zama ruwa. Masu kula da abincin yara suna yaba wannan dabara, don yaron da aka yaye yana iya shan mai yawan gari ba tare da ya shaƙe shi ba.

Akwai kuma abin da duk manomin Kadawa ya sani da ido. Gona guda ce, da damina shinkafa, da rani alkama. Shinkafa tana tsira ko ruwa ya rufe ta, ta miƙo ɗan farin kube har ya huda saman ruwa ya shaƙi iska. Alkama in ruwa ya kwanta a kanta kwana biyu ko uku sai ta ruɓe. Masana a Italiya sun nuna a shekarun 1990 cewa shinkafa tana iya ƙera amilez ko babu iska, alkama da sha'ir ba su iyawa, sai su mutu da yunwa guzuri na gefensu. Don haka ba kowane rashin tsiro ne laifin mai sayar da iri ba. Wanda bai baje gonarsa ba, ko ya cika fangali maƙil ranar ruwan farko don tsoron kada layinsa ya daɗe bai zagayo ba, shi ya shaƙe alkamarsa. Haka wanda ya jiƙa shinkafa har ta yi baki, sa'an nan ya watsa a ƙasar da ta bushe. Iri yana jure bushewa muddin saiwa ba ta fito ba, in ta fito ba komowa.

Saura ku, 'yan kasuwa. Alkamarmu ana girbe ta a Maris ko Afrilu, ba a shuka ta sai Nuwamba, watau dole ta ƙetare bazara da damina dukansu a sito. Wani masani a Amurka, Harrington, ya fitar da ƙa'ida ta kusanto: duk sa'ad da danshin iri ya ragu da kashi 1 cikin 100, kwanansa yana ninkuwa biyu, haka kuma duk sa'ad da zafin ma'ajiya ya sauka da digiri 5. Juya ta ka ga abin tsoro. Buhun da aka jingina a dandaɓe, ƙarƙashin rufin kwano, ya sha laimar Agusta, yana iya tsufan shekaru cikin wata biyar, alhali in ya sake bushewa da hunturu haƙori ba ya gane shi. Saboda wannan ƙa'ida ne aka haƙa rumbun iri na duniya cikin dutsen ƙanƙara a Svalbard ta ƙasar Norwe, aka buɗe shi a 2008, irin wake da masara daga Ibadan suna cikin na farkon da aka kai. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da katakon ɗora buhu, da inuwa, da shanya har iri ya bushe sarai kafin a ɗinke. Irin albasa ba shi da haƙuri, da wuya ya ƙetare shekara guda da ƙarfinsa, masu albasar Kura ba su bukatar in gaya musu.

Ban ce mutumin da ya sayar mini ya san irinsa matacce ne ba, mai yiwuwa shi ma haƙori ya gwada da shi. Amma malamai sun san babin ciniki na Risala ya hana ɓoye aibi da gauraya mummuna da kyakkyawa. Ra'ayina, wanda ya ce wannan na shuka ne, ya karɓi kuɗin na shuka, ya sayar da rai ne ba gari ba, ragowar bara da aka gauraya da na bana kuwa aibi ne ko da ido bai gani ba. Wannan fahimtata ce, manyanmu suna iya gyara mini. Abin da ba ya bukatar fatawa shi ne, gwajin ba ya cin ko kwabo.

Ka ɗebi iri daga sama da tsakiya da gindin buhu, ka gauraya, ka ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba. Ka jera su a kan tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse, ka naɗe, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa kada ya bushe, kada kuma ya yi tsamo-tsamo. Alkama a duba ta rana ta 4, a yanke hukunci rana ta 8. Shinkafa a ba ta har kwana 14, a kuma tuna sabuwar yanka takan yi barcin 'yan makonni, tana ƙin tsira alhali lafiyarta lau. In 85 ko fiye suka fito da saiwa da ganye, shuka. In sun gaza haka kaɗan, ƙara yawan iri. In abin ya yi ƙasa ƙwarai, kai shi injin niƙa, sai fa in an yi masa ja da maganin ƙwari, wannan ba mutum ba dabba.

Bara na sa almajirai suka yi wa buhu uku haka tun farkon Nuwamba, kowane tsumma muka ɗaura masa zare mai launi dabam. Na farko ya ba da 91, na biyu 88, na uku 54. Na ɗauki tsumma na uku yadda ya ke, na kai wa mai shi a rumfarsa, muka ƙirga tare. Ya yi shiru, sa'an nan ya sa yaronsa ya sauya mini buhu, ya kuma roƙe ni in bar masa tsumman.